Jan Goro da Kuɗinsa: Yadda Ake Gane Ko Tsada Ta Cancanta a Kasuwannin Bagudo da Iyakar Benin

Tsakure

Masana tattalin arziki sun daɗe suna tambaya a kan jan giyar inabi ta Turai ko tsadarta shaida ce ta kyanta. Wannan takarda ta ɗauko tambayar ta ɗora ta a kan jan goro, kayan da Bahaushe ya fi ƙwarewa wajen tantancewa, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da garuruwan Benin da ke maƙwabtaka da ita. Takardar na ganin cewa kuɗin da mai saye ke biya ya ƙunshi kyan goron, da wahalar hanya da canjin kuɗi, da kuma suna, alhali na farkon kaɗai ke shiga baki. Ta nuna cewa ma'aunin da ya fi launi da girma shi ne daɗewar goro bai lalace ba, sannan ta yi gargaɗi a kan maganin ƙwari, wanda ya fara rushe wannan ma'auni.

Gabatarwa



Na san wasu za su ce me ya haɗa Bagudo da giyar inabi. Addininmu ya haramta ta, Jihar Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ko da ana ganin kwalabenta a kantunan Paraku da Kwatano, ba kayan kasuwarmu ba ce. Ba giyar ce ta dame ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a kanta ne aka fi gudanar da bincike game da wata matsala da ke damun duk mai zuwa kasuwa: in ka ga abu biyu iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi, ta yaya za ka san ƙarin nan na kyau ne ko na suna?

Ga kaɗan daga abin da aka gano. A 1855, da za a yi baje kolin duniya a Paris, aka nemi dillalan Bordo su jera gonakin inabin yankin daki-daki. Suka kasa jan giyar aji biyar, kuma da farashin da aka saba saye suka yi jerin. Ke nan tsada ce ta haifi daraja, daga baya darajar ta koma tana haifar da tsada. Babban canjin da aka yi wa jerin shi ne na 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa aji na farko. Ranar 24 ga Mayu 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris, ya ɓoye musu sunayen kwalabe, sai suka ba jan giyar Kalifoniya na ɗaya a kan na ƙasarsu. A 2008 Robin Goldstein da abokan aikinsa suka tattara sakamakon ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi a rufe, suka tarar cewa wanda ba gwani ba ba ya fifita mai tsada, har ma yakan ɗan karkata ga mai araha; gwanaye ne kawai aka ga alamar ɗanɗanonsu na bin sawun farashi. A shekarar dai Hilke Plassmann da tawagarta suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90. Mutanen suka ce ta 90 ta fi daɗi, kuma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna ba ƙarya suke ba: da gaske sun fi jin daɗin.

Darasin da na ɗauka a nan biyu ne. Farashi na iya yaudarar harshe. Amma kuma ƙwarewa gaskiya ce, akwai masu gane abin da sauran mutane ba sa ganewa. A ƙasar Hausa babu kayan da waɗannan batutuwa biyu suka fi dacewa da shi kamar goro. Yana da asali, yana da kaka, yana da aji, yana ƙara daraja in ya tsufa a hannun gwani, kuma ana sayensa don mutunci kamar yadda ake sayensa don ci.

Hanyar Gwanja ta nan ta bi

Ba banza na zaɓi Bagudo ba. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, bishiyar kurmi ce. Irin da muke ci, wanda masana tsirrai ke kira Cola nitida, mai ɓari biyu, shekaru aru-aru daga kurmin Ashanti aka riƙa kawo shi, a saye shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Tarihin Kano ya ambaci zuwan fataken Gwanja tun ƙarni na 15. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan biyo ta Jega, ya haye kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, kafin ya gangara Salaga. Illo, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bagudo, na cikin mashigan da fatake ke haye kogin. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe hanyar a ƙarni na 19. Baturen matafiyi Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, mutum wajen 1,000 da dabbobinsu.

Tafiyar watanni ce, kuma wannan ne ya tsara yadda Bahaushe ke kallon goro har gobe. Madugun da zai ɗora kaya a kan jakuna daga Salaga zuwa Kano bai damu da goron da ya fi daɗi a ranar saye ba. Wanda zai isa gida da ransa yake nema. A kowane zango sai an kwance kaya, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano a 1851 kuma ya biyo ta Gwandu a 1853, ya rubuta ajin goro huɗu bisa girma kamar yadda ya ji a bakin 'yan kasuwa: goriya, marsa, saran waga da minu. Shekara 170 da ɗoriya ke nan, kuma tsofaffin 'yan goro sun san sunayen nan. Wannan tsarin aji bai gaza na Bordo tsufa ba, kuma babu sarkin da ya kafa shi, kasuwa ce ta haife shi.

Daga baya hanyar ta mutu. Turawan Ingila suka ci Ashanti a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, inda irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin Gwanja a Agege da Ota da Shagamu, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Yau goron da ke zuwa Bagudo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya hanya biyu gare shi: na kurmin Nijeriya da ke hawowa a mota, da na ƙasashen yamma, Gana da Kodebuwa, da ke ratso Benin. Mai saye a nan yana tsaye ne tsakanin kasuwa biyu da kuɗi iri biyu, naira da sefa.

Abin da ido da hannu da baki ke iya gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban ɗan goro yana kwance huhu ya san aikin ba na gaggawa ba ne. Zai sassauta igiya, ya ɗage buhun da aka jiƙa, ya yaye ganyen fita ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin ya taɓa goron ganyen ya ba shi labari. In yana da laushi da sanyi, an kula da kayan a hanya. In ya bushe yana karyewa, iska ta shiga. In ya yi baƙi yana ɗumi, ruwa ya yi yawa, akwai ruɓa a ciki. Sai ya cusa hannu can ƙasa, ba sama ba, ya ɗebo cikin tafi, ya jijjiga don ya ji nauyi. Goro mai rai yana da nauyi fiye da yadda ido ya zata, fatarsa a miƙe take tana sheƙi. Wanda ya sha iska ya yi sakayau, ya yi tamoji.

Daga nan sai ya zaɓi guda ya duba bakin tsagar da ɓari biyun suka haɗu, ya nemi ɗan ɗigon baƙi ko garin da ya taru, don nan sankara ke ɓuya. Ƙwaron kan shiga tun a gona, ya yi ƙwai a ciki, tsutsar ta ci goron daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Sai ya sa babban yatsa ya ɓare. Mai kyau yana ɓarewa da ƙara, cikinsa fes. Ya gutsura. Abin da yake nema shi ne gardi da ƙarmas-ƙarmas, ɗaci mai tsabta wanda in an kora da ruwa sai baki ya yi zaƙi. Abin da yake gudu shi ne yauƙi, wanda shi ya sa hannunruwa mai ɓari da yawa bai taɓa samun daraja a wurin Bahaushe ba, da kuma bauri mai kama maƙogwaro irin na goron da bai gama nuna ba ko aka yi hanzarin fito da shi.

Masana sun kasa kyan kaya gida uku. Phillip Nelson a 1970 ya bambanta abin da ake ganewa kafin saye da abin da sai an yi amfani da shi. Darby da Karni a 1973 suka ƙara na uku, wanda ko an yi amfani da shi ba a ganewa, sai dai a yarda da maganar mai sayarwa. Girma da nauyi da launi na gida na farko ne. Daɗi na tsakanin na farko da na biyu, tunda al'adar kasuwarmu ta yarda a ɓare guda a ɗanɗana, abin da mai sayen kwalba a rufe ba ya samu. Daɗewa na gida na biyu, sai bayan makonni za ka sani. Asalin goron da abin da aka zuba masa a rumbu, waɗannan na gida na uku ne.

Maganar launi fa? A ganina an ɗora wa launi nauyin da bai kai ba. Ja da fari da ruwan hoda duk iri ɗaya ne, kuma ana iya fasa kwanso guda a tarar da ja da fari tare. Chevalier da Perrot sun yi ƙoƙarin kasa irin bisa launi tun 1911, amma launin ba ya bin ƙa'ida yadda suka so. Gaskiya ne 'yan goro da yawa na cewa ja ya fi jure ajiya kuma ya fi ƙarfi a baki, fari ya fi taushi kuma ya fi kwarjini a faranti. Ban raina wannan shaida ba, ta mutanen da suka tsufa a sana'ar ce. Sai dai bambancin da ke tsakanin jan goro biyu, wanda aka kula da shi da wanda aka yi sakaci da shi, ya fi bambancin da ke tsakanin ja da fari nesa ba kusa ba. Wanda ya biya ƙari don ja zir kawai, launi ya saya.

Girma ma haka. Marsa ta fi minu tsada ƙwarai, amma ba a ce ta fi ta daɗi gwargwadon ƙarin ba. A nan dole a tambayi mai saye me zai yi da shi. Wanda zai kai goron neman aure ko na gaisuwar basarake, girman shi ne abin da ya zo saye, domin dangin amarya za su buɗe su gani, kuma abin da suka gani zai zama magana. Wannan bai yi asara ba. Amma tsohon da zai ci ɓari bayan la'asar, ko uban biki da zai raba wa mutum ɗari uku a ɗaurin aure, in ya biya kuɗin marsa ya biya abin da ba ya bukata.

Daushe kuwa daban ne. Goron bara da ya shekara a hannun gwani, ruwansa ya ragu, baurinsa ya kwanta, daɗinsa ya zauna. Tsadarsa tana da hujja a fili: watanni ana kwancewa ana tsincewa ana sauya ganye, wani kashi ya lalace an zubar, kuɗin mai shi kuma yana kwance bai juya ba. A nan na yarda tsada ta cancanta, matuƙar daushen na gaske ne, ba sabon goro da ya sha iskar hunturu ya yanƙwane aka laƙaba masa suna ba.

Abin da ke cikin kuɗin amma ba ya cikin goron

A kan iyaka farashi na iya tashi ba tare da goro ya canza ko kaɗan ba. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo. A 2014 sefa 1,000 ba ta wuce naira ɗari uku da 'yan kai ba. A 2024, bayan an saki naira a Yunin 2023, ta haura naira 2,000. Duk goron da aka saya da sefa, ko aka biya masa mota da sefa, ya ɗauko wannan nauyi. Ga cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, wanda ya shafi na kurmin Nijeriya ma. Ga rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya tsayar da gadar Malanbil da Gaya ta tsakanin Benin da Nijar ya tura kaya kan kwalekwale da babura. Ga shingayen hanya, da abin da ake bayarwa a kowane shinge.

Wannan kuɗi halal ne ga ɗan kasuwa ya mayar, ya kashe shi. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada mai saye ya ɗauke shi shaidar kyau. Kuma akwai abin da ya fi wannan: kowane kwana da mota ta yi a tsaye a kan iyaka yana ƙara wa goro kuɗi yana rage masa rai. Ke nan a irin wannan lokaci mafi tsada na iya zama mafi wahala. Mutumin Lolo da ya ji an ce wannan ɗan waje ne, ya ga ya fi tsada, zuciyarsa za ta ce masa ya fi kyau, kuma bakinsa zai gaskata zuciyar, kamar mutanen da Plassmann ta gwada. Suna yana da ƙarfi a kasuwar goro tun da. Labuje, goron Labozhi na ƙasar Nupe, ya yi suna har ya zama na sarakuna. Amma babu wani hatimi a jikin goro da ke nuna garinsu.

Lissafin da ya kamata mai saye ya yi

Goro ƙirga shi ake yi, ƙwarya ɗaya goro 100. Mai saye ya saba kwatanta kuɗin ƙwarya da kuɗin ƙwarya. Ni kuwa ina ganin abin kwatantawa shi ne kuɗin goron da zai rage mai ciwuwa a ranar da ake bukatarsa. Bari in ba da misali na ƙiyasi kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce ƙwarya ɗaya naira 20,000, wata 15,000. Mai tebur ya saya zai sayar cikin wata guda. Ta farkon ta zubar da 5, saura 95, kowane ya tsaya masa kusan naira 211. Ta biyun ta zubar da 30, saura 70, kowane ya tsaya kusan naira 214. Mai arahar ta fi tsada, ban da ɓata suna a wurin masu saye. Abin da magabata ke nufi ke nan da sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma a juya misalin: in gobe ne ɗaurin auren, duka ƙwaryoyin biyu za su kai gobe lafiya, kuma naira 5,000 ɗin da aka ƙara ba ta sayo komai ba. Don haka tambayar ko goro ya cancanci kuɗinsa ba ta da amsa sai an haɗa da tambaya biyu: don me, kuma zuwa yaushe.

A yankinmu wannan lissafi ya fi tsanani, saboda yanayi. Goron da zai yi wata uku a Shagamu cikin laima, a Bagudo cikin hunturu ko zafin Afrilu kwanaki kaɗan na sakaci sun isa su kashe shi.

Huhu a ɗaure

Mai sayen ƙwarya yana iya dubawa ɗaya-ɗaya. Mai sayen huhu ba ya iyawa, don kwance shi duka ɓata shi ne. A nan matsalar da George Akerlof ya bayyana a 1970 ke shigowa: in mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba, mai saye zai riƙa taya kowane kaya da kuɗin matsakaici, mai kaya na ƙwarai ya ga ba riba ya janye, kasuwa ta cika da tarkace. Abin lura shi ne kasuwar goro ba ta rushe haka ba, kuma Abner Cohen ya nuna dalili a binciken da ya yi a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960. Tsakanin manomin kurmi da ɗan kasuwar Arewa akwai maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye kaya, ya tsaya a kan bashi, akwai kuma dillali mai cin la'ada. Jarinsu sunansu ne. Wanda ya ɗaura ruɓaɓɓe a ƙasa ya jera marsa a sama, sau ɗaya zai yi, labari ya riga shi isa Shagon Goro a Sakkwato da Mariri a Kano.

Fiƙihun da muke karantawa a zaure ya riga Akerlof da ƙarnuka. Hadisin tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa sananne ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, ta ba wanda ya tarar da aibi zaɓin mayarwa. Abin da ya fi dacewa da huhu shi ne mas'alar barnamaj: Imam Malik ya halatta sayar da kaya a ɗaure bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, in siffar ta dace ciniki ya tabbata, in ta saɓa mai saye na da zaɓi. Saboda haka nake cewa wani kashi na tsadar da ake biya a hannun amintaccen ɗan goro kuɗin wannan haƙƙi ne. Ka san inda za ka same shi mako mai zuwa, ka san zai karɓa ko ya yi maka ragi. Wannan ƙari ya cancanta. A kan iyaka kuwa, inda mai kaya ke iya hayewa Segbana ko Malanbil a rasa inda za a kai ƙararsa, haƙƙin mayarwa ya fi ko'ina daraja, kuma araha daga hannun baƙon da ba shi da maigida a gari abar tsoro ce.

Abin da ya fi damuna

Duk gwanintar da na bayyana ta dogara ne a kan abu ɗaya: cewa goro mai tsabta, marar sankara, shaida ce ta kulawa. Maganin ƙwari ya yanke wannan alaƙa. Masu binciken cibiyar koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, sun daɗe suna kokawa cewa wasu masu ajiya na zuba wa goro magunguna don kashe ƙwaro, har da gamalin, wanda yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin abubuwan da za a daina a 2009. Mun ga abin da irin wannan ɗabi'a ta jawo wa wake, da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan magani a jikinsa. Wake ma ana wankewa a dafa. Goro ɗanye ake ci, ba a fere shi, kuma masu cinsa da yawa dattawa ne masu ci kullum.

Yanzu goron da ya fi kyan gani, ya fi daɗewa, ya ci jarrabawar ido da hannu da lissafin da na kawo a sama, yana iya zama shi ne mafi haɗari. Gwani na iya shinshino wasu magungunan, amma ba duka ba, kuma bayan makonni warin kan tafi ya bar saura. Mai gaskiyar da ke tsince goronsa da hannu yana zubar da kashi mai yawa, kayansa su fi tsada, wanda ya zuba magani ya karya masa farashi. Nan ne na ga hasashen Akerlof na iya tabbata a kasuwar da ta tsere masa shekaru aru-aru.

Ba na ganin mafita a jiran hukuma ta bi kowane huhu. Ƙungiyoyin 'yan goro suna nan, suna da shugabanni masu faɗa a ji, kuma barnamaj ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Takarda ɗaya a jikin huhu, da Hausa da Faransanci, da boko da ajami, mai faɗin garin da aka ɗauko shi, watan da aka cire shi, ajinsa, ko an sa magani da wane iri, da sunan maigidan da ya tsaya a kai, za ta mayar da abin da ba a iya ganewa ya zama abin da ake iya kama mutum da shi. Maƙwabtanmu sun fara irin wannan ta wata fuska: hukumar mallakar fasaha ta ƙasashen da Benin ke ciki ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajistar asali a 2013, kuma Nijar ta bi wannan hanya da albasar Galmi da kilishinta.

Ga jami'o'inmu kuma, ta Aliero da ta Birnin Kebbi da ta Usmanu Ɗanfodiyo, akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A sayo jan goro aji-aji daga Bagudo da Lolo da Tsamiya da Malanbil a mako guda, a rubuta farashinsa da naira da sefa. A yanka shi gutsure daidai wa daida don girma ya ɓace, a ba tsofaffin 'yan goro da masu ci na yau da kullum su ɗanɗana ba tare da sanin kuɗi ko asali ba. A ajiye sauran a ɗaki ɗaya da ganye iri ɗaya, a riƙa ƙirga abin da ya lalace duk mako. A kai wani kashi ɗakin gwaji a auna saurar magani, a kuma lura musamman ko wanda ya fi jure ajiyar shi ne wanda aka fi samun maganin a jikinsa. A maimaita sau biyu, a kakar goro wajen Nuwamba da Disamba, da kuma tsakiyar bazara lokacin da daushe ke fitowa.